Gidan Firmine Mai Hawa Mota

Firmine ta girme ni da wata bakwai kacal, amma tun muna yara take riga ni ga komai, kuma ba da gudu ba. An ce hassada ga mai rabo taki ce. In gaskiya ne, babu wanda ya zuba wa gonar Firmine taki kamar ni, Gratienne matar marigayi Saturnin. Shekara saba'in da ɗoriya ina zubawa, har yau hannuna bai gaji ba.

Da ta faɗi ta karya ƙugu, abu ɗaya ta roƙa a duniya: a bar ta ta mutu a cikin gidan katakon da aka haife ta. Gidan kuwa yana bayan nawa, a cikin katangata, ba shi da hanyar fita sai na yarda. Amma bari in faro daga tushe, don wanda bai san gidan ba bai san matar ba.

A Port-Louis aka haife mu, a ƙasar masana'antar sukari. Ƙasa tasu, katako namu. Shi ya sa a zamanin iyayenmu babu mahaukacin da zai haƙa harsashin gini. Duwatsu ake jerawa, a ɗora gida a kai. Ran da manajan gona ya ga fuskarka ba ta yi masa ba, sai ka kira gayya, a ɗaga gidanka a aza a amalanken shanu, ka nemi wani manajan da bai san halinka ba tukuna. Na Firmine kakanta ne ya sassaƙa shi. Ɗaki biyu ne, da tagogi uku masu shuɗin marfi, kuma babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya a ƙashinsa, duk turakun itace ne suka riƙe shi. A kan duwatsu shida yake zama.

Tare muka shiga ɗaurin rake muna 'yan shekara goma sha biyu, muna bin bayan masu sara. Ni ina ɗaure dami da haushi, ganye yana yanka mini hannu. Ita tana ɗaurewa tana waƙa. Ranar Asabar a biya mu daidai wa daida. Ko ƙaiƙayin rake ba ya kama fatarta yadda yake kama tawa.

Ni na auri Saturnin, mai amalanke da bijimai biyu, mutum mai nauyin baki. Ita ta auri Évariste, wanda duk 'yan matan gari suka yi wa kwalliya, har da ni, kada in yi ƙarya da furfura a kaina. Évariste bai zo da komai ba sai gashin baki da zakaran dambe, sai wani ɗan fili na kawunsa, inda aka kai gidan Firmine aka ajiye. Sun haifi 'ya ɗaya, zazzaɓi ya ɗauke ta tana shekara huɗu. Daga nan Évariste ya rungumi giyar rake, giyar kuma ta nuna wa hannunsa hanyar fuskar Firmine. Ba ta kai ƙara coci ba, ba ta yi kuka a bakin famfo ba. Wata Lahadi ya ɗauki zakaransa ya tafi wajen dambe. Kafin ya sha kwana ta aika a kira Saturnin da bijimansa da maza takwas. Da Évariste ya dawo da la'asar, zakara a hammata, duwatsu shida ya tarar, da takalmansa na zuwa coci a kan ɗaya daga ciki, an goge su tas.

Garin ya shekara yana dariya. Ni ban yi ba. Ina da nawa ƙorafin a kan Saturnin, amma gidanmu nasa ne. In na yi fushi sai dai in ɗauki ƙunshina in tafi, bayan kwana biyu in dawo da shi a kaina. Ga shi kuma mijin nawa, wanda ba ya cewa na gode, ya yi mako guda yana yabon shinkafa da ƙaguwar da Firmine ta dafa wa 'yan gayya.

A bakin teku ta sauke gidan, kusa da inda masunta ke janyo kwalekwale. Ta bar rake, ta kafa tanda, tana gasa wainar rogo mai kwakwa a ciki. Ba ta sake aure ba. Ko tana yin baƙi ban leƙa ba, ko da yake na so. A nan ta raini Rosemonde, yarinyar da ta riƙe wa baftisma, wadda uwarta ta tafi Faransa aikin asibiti da alkawarin shekara ɗaya, ta yi ashirin.

Sai guguwar shekarar tamanin da tara. Gidanmu ni da Saturnin ta watsa shi a gonakin rake kamar ashana. Ƙofarmu a garken aladen wani na same ta. Na Firmine kuwa juyawa kawai ya yi, ya kwanta a gefensa kamar saniya mai tuƙa. Maza suka tashe shi da safe, ta share, ta hura wuta, kafin azahar tana raba wa marasa gida waina, har da ni. Na karɓa, na ci, na ɗaga hannu sama na ce ni da katako har abada.

Masana'anta ta rufe, aka yanka filaye aka sayar, muka sayi ɗaya da takarda mai hatimi. Shekara goma sha ɗaya muna gini. Saturnin ya sayar da bijimai ya koma leburan gini, ni kuma ina goge daɓen makarantar da ban taɓa zama a bencinta ba. Kowane bulo a gidan nan ya san kaina. Ɗakunan ƙasa namu, bene na ɗanmu Anselme, muka bar rodi tsaitsaye a kan rufi ko jikoki za su so ƙari.

Muna cikin ginin hukuma ta ce a kwashe gidajen bakin teku. Firmine ba ta da inda za ta ajiye nata, na ce ta kawo shi bayan nawa. Mata a coci suka yi ta sa mini albarka. Gaskiyar magana, so nake in tsaya a barandar benena in ga rufinta a ƙarƙashin ƙafata. Shi ne gida na ƙarshe da Saturnin ya ɗaga, da aron tarakta. Bayan nan ya zagaye filin da katanga, ita ce aikinsa na ƙarshe kafin Allah ya karɓi abinsa. Ta gaba muka bar ƙofa, da wani ɗan lungu a gefen gidana da mutum ɗaya zai bi ya je wajen Firmine. Ta baya kuwa bango ne rufe ruf, sai hanyar tarakta a bayansa.

Sau uku ina ce mata ga ragowar siminti, ta bari a zuba wa gidanta harsashi ta zama mutum kamar kowa. Sau uku tana ba ni amsa ɗaya: gida mai ƙafa ba a sa masa mari. Na sa mata suna Kunkuru. Ta sa mini Madam Siminti. Nata sunan bai bi ta ba, nawa kuwa har yaran kanti da shi suke kirana a bayan idona.

Shekara talatin muka yi a haka. Anselme ya samu aikin gidan waya a Faransa, ya yi aure a can, yana zuwa shekara uku-uku da 'ya'yan da ke toshe hanci in na jiƙa kifi mai gishiri. Gwiwoyina suka yi rantsuwa da matakala. Shekara takwas rabona da benen da na ɗauki bulonsa a kaina, aka sauko mini da gado falo. Kullum da safe Firmine za ta biyo lungu da kofi a ƙaramar tukunya, ta zauna ta murza mini gwiwa da man zurma, mu yi faɗa a kan yawan sukari, ta koma. Ban taɓa ce mata na gode ba. A filina take zaune.

Wata rana wata yarinya mai tabarau ta zo daga ofishin agaji, tana bin tsofaffin unguwa gida-gida. Ta zauna a barandata ta yi mana bayani. Ta ce in tsoho ya kasa, gwamnati na biyan kuɗin kula da shi, ko a gidan tsofaffi, ko a wajen wani iyali da aka ba izinin riƙon tsofaffi. Na ce to ina ƙayar take. Ta ce ba ƙaya ba ce, sai dai bayan mutum ya rasu gwamnati takan cire abin da ta kashe daga abin da ya bari, in gida ne daga gidan, kuma tun yana da rai takan nemi 'ya'yansa su tallafa gwargwadon ƙarfinsu. Ta ga yadda fuskata ta koma, sai ta yi sauri ta ce akwai wani ƙaramin taimako, na mai zuwa gida ta yi maka wanka da shara, shi ba a cire shi daga gado. Na ce 'yata, a bakin teku na girma, na san da ɗan nama ake rufe ƙugiya. Ban iya rubuta sunana ba, gicciye nake zanawa a takarda, kuma na ce mata wannan gicciyen ba za ta gan shi ba ko a mafarki.

Firmine tana zaune a matakala tana ɓarar wake. Ta tambayi yarinyar, wanda ba shi da komai fa? Yarinyar ta ce ai kina da gida. Firmine ta ce zo ki gan shi. Muka bi lungu mu uku. Yarinyar ta tsuguna, ta leƙa ƙarƙashi, ta ga duwatsu da kaza a kwance, ta tambayi filin na wa. Na ce nawa, da ƙarfi, don kazar ma ta ji. Ta miƙe tana karkaɗe siket.

"Man Firmine, a takarda wannan ba gida ba ne," in ji ta, don Man ake ce wa dattijuwa a wajenmu. "Kayan ɗaki ne, kamar kabad."

Na yi dariya har na ƙware. Mako biyu ina gaishe ta da ina kwana matar cikin kabad. Ita ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ji haushi ba. Cewa kawai ta yi yarinyar ta maimaita mata, wato babu abin da za a cire. Yarinyar ta ce babu. Sai daga baya na gane wadda ya kamata ta yi dariyar a ranar.

Shekara biyu bayan haka Firmine ta zame a bakin famfo. Ni na ji ƙarar, ni na yi ta kiran maƙwabta, don ban iya ɗaga ta ba. Aka kai ta asibiti a Pointe-à-Pitre, aka sa mata ƙarfe a ƙugu. Likitoci suka ce zaman kaɗaici ya ƙare mata. A lokacin Rosemonde ta riga ta samu izinin riƙon tsofaffi a gidanta na Petit-Canal, tana da ɗaki a shirye, da gado mai ɗagawa, gwamnati za ta biya komai. Da wata ce, da ta yi rawa da sabon ƙugu. Firmine ta ce ba za ta kwanta a ɗakin da bai san ta ba. Ko a kai gidanta filin Rosemonde, ko a bar ta. Asibitin kuma suka ce suna bukatar gadonsu a ƙarshen wata. In ba a shirya ba, akwai gurbi a wani gidan tsofaffi a birni, hawa na uku, ɗaki ɗaya mutum biyu, kuma wanda ya shiga can ba kasafai yake fitowa da ƙafarsa ba.

Rosemonde ta zo mini da ayaba da kifi, ta zauna a bakin kujera kamar mai neman aure. Ta ce taku huɗu kawai za a fasa a katangar baya, mijinta Hilaire zai mayar da ita yadda take, har da fenti. Na ce katangar nan ita ce gumin Saturnin na ƙarshe. Na ce sai na shawarci Anselme. Na ce damina ta kusa, ɓarayi sun yi yawa, akuyoyin mutane ba su da tarbiyya. Ta saurara har na gama, ta ce Man Gratienne, saura kwana goma sha biyu. Na ce ni ba ni na karya mata ƙugu ba.

Abin da ban faɗa ba shi ne wannan. Matar da ba ta taɓa ɗaukar bulo ɗaya ba za ta samu mai yi mata wanka, mai dafa mata sau uku, mai juya ta a gado, kuma a cikin gidanta, a kyauta. Ni da na ba siminti ƙuruciyata, na samu matakala goma sha bakwai da ba na iya hawa. Kuma in gidan ya fita, wa zai biyo lungu da kofi? Wannan ma ban faɗa ba, ko wa kaina sai da ƙyar.

Na sa rigar coci na shiga mota na je asibitin, don kada a ce ban je ba. Na same ta ta rame, gashinta a tsefe, amma idon nan yana nan.

"Madam Siminti," ta ce, "an ce kin kama mini gida."

"Yana nan inda kika ajiye shi. Katanga ce ba ta da ƙafa."

"Ɗaki biyu ne, Gratienne. Ki zo mu tafi tare. Rosemonde tana da izinin mutum biyu."

Na ce ai sai na zana musu gicciye, kuma ban yi shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar bulo don gwamnati ta gaje ni ba. Gidan nan na Anselme ne. Ta dube ni, ta tambaye ni ko Anselme zai zauna a ciki. Na ce ba ruwanta.

"Zai sayar da shi kafin furannin kabarinki su bushe," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Kin sani, na sani. Kina gadin gidan wani Bature da bai zo ba tukuna."

Na ce mai 'ya'ya ce ke sanin abin da ake bar wa 'ya'ya. Na san inda na soka. Ta juya fuska wajen bango. Ina ɗaukar jakata na ji ta ce wa Rosemonde a hankali, to a kwance shi katako-katako, a fitar ta lungu.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, da hantsi, Hilaire ya zo da abokansa biyar na wasan domino, kowa da ƙarfen ɓanɓara a hannu. Suka gaishe ni, na amsa da hanci, suka bi lungu. Na zauna a baranda da kwanon wake a cinya. Na ji sun fito da gado, da tanda, da hoton Uwargida Maryamu. Sai na ji ƙarar farko. Wanda ya san katako ya san bambancin kukan wanda aka zare da na wanda aka tsaga. Turakun nan sun fi shekara ɗari a ramukansu, sun sha ruwan sama da gishirin teku, sun kumbura sun zama jiki ɗaya da gidan. In ka ce za ka raba su, itacen girki za ka kai Petit-Canal. Na ce a raina ba ruwana. Na ji ta biyu, na ji wani yana cewa ba komai, a saya sabo a kanti a buga.

Ban san lokacin da waken ya zube ba. Na ga kaina a lungu da sandata.

"Ku ajiye ƙarfen nan," na ce. "Ku a kanti iyayenku suka sayo ku? Wa ya ce muku gida kwakwa ne da za a ɓare shi?"

Hilaire ya fara cewa ai Man Gratienne ke kika hana, na ce ya rufe mini baki ya tsuguna. Na nuna masa da sanda ƙasan katakon gindi. Tsaga uku ne a jere, na wuƙa, fenti ya kusa cinye su. Na ce ya zagaya ɗaya gefen zai ga 'yan uwansu. Duk gidan da Saturnin ya taɓa ɗagawa sai ya yi masa wannan shaida, daidai inda azara za ta shiga ta ɗauki nauyi ba tare da gidan ya murɗe ba. Babu wanda ya rage a Port-Louis da ya san haka sai ni, don ni nake riƙe masa bijimai.

Na ce a kawo guduma. Na auna katangar baya da idona, na zaɓi wuri tsakanin ginshiƙi biyu. Hilaire ya tsaya yana kallona, ya ce ko a kira Anselme tukuna. Na ƙwace gudumar na kai wa bangon duka. Ɗan ɓarɓashi kawai ya faɗo, kafaɗata ta yi mako tana zagina, amma sun gane.

Daga nan har la'asar ni ce manajan gona. Na sa aka cire marafan tagogi aka ɗaure su daban. Na sa aka gicciya katako biyu a cikin kowane ɗaki, daga kusurwa zuwa kusurwa, don kada gidan ya karkace. Na aika gidan wani mai kwalekwale aka aro gungumen da yake mirgina jirginsa a kai. Jak ɗin mota biyu suka kawo, na ce tsawon ɗan yatsa za a ɗaga a wannan kusurwa, a sa itace, a koma waccan, ba a yi wa tsoho gaggawa. Wani mai ɗankunne ya ce da kiren aka kira, motar ɗaga kaya, da tuni an gama. Na ce da uwarsa ta kira kiren da ba ta sha wahalar haihuwar rago ba. Azara biyu suka shiga daidai tsagar Saturnin kamar jiya aka zare su. Da aka zo turawa kowa yana tura nasa lokacin, gidan yana ƙugi. Dole na ɗaga musu waƙar da ake ja da ita, ɗaya ya bayar sauran su amsa su tura tare. Shekara talatin ban yi ta ba. Muryata kamar ta tsohuwar ƙofa, amma gidan ya gane ta, ya taho.

Mutanen unguwa suka fito da wayoyinsu suna ɗauka. Aka hau da shi bayan babbar mota a hanyar tarakta, aka ɗaure. Ya tafi yana rangaji a tsakanin rake, labulen Firmine yana leƙowa ta taga. Na juya na ga duwatsu shida da ramin kaza. Ko takalmi ba a bar mini a kai ba.

A jikin barandar Rosemonde aka jingina shi, ƙofa na kallon ƙofa. Masu dubawa suka zo suka ce a sa ƙarfen riƙewa da gangaren keken guragu, aka sa. Rosemonde ta so zuba siminti a ƙarƙashi, Firmine ta ce a nemo duwatsu. Sau biyu aka kai ni. Na same ta ta yi ƙiba, an yi mata kitso, wata ma'aikaciyar jinya tana yanke mata farce, wani saurayi kuma yana zuwa ranar Talata ya motsa mata ƙafa. Ta dubi katako biyun da aka tsaga aka ɗinke, ta dube ni, ta ce da na fito da wuri da ɗaya ne kawai. Godiyarta ke nan. Na ce miyar Rosemonde gishiri ya yi mata yawa. Na cinye.

Wata goma sha huɗu Firmine ta yi a can. Ranar wata Alhamis cikin azumin Ista, ta sha kofinta, ta ce a buɗe mata tagar gabas, Rosemonde ta je ɗauko mataji, ta dawo ta tarar an gama. A ɗakin da aka yanke mata cibiya, a kan gadonta, ba ta ko zubar da kofin ba. Ko a nan sai da ta riga ni, kuma ba da gudu ba. Yarinyar ofishin agaji ta zo ta duba abin da ta bari, ta rubuta babu, ta tafi.

Hilaire ya yi ta zuwa zai gyara katangar ina ce masa gobe. Wata Lahadi Anselme ya buga waya. Bayan ya tambayi gwiwata, sai ya ce Manman, yaushe za a toshe ɓarakar nan, mutumin da ya duba ya ce tana rage wa gidan daraja. Na ce wane mutum. Ya yi tari. Sai na tuna wani mai farar riga da ya zo watan jiya da abin awo, ya ce Anselme ne ya aiko shi duba rufi, har na ba shi ruwan kwakwa. Na ce wa ɗana ya gaida yara. Ban yi kuka ba. Haushina ɗaya, Kunkuru ta faɗa, kuma ba ta nan balle in ƙaryata ta.

Duk da haka ban zana gicciyen ba. Sai da Rosemonde ta zo ta ce Marenn, haka take kiran Firmine, ta bar wasiyya, a fara tambayata kafin a ba kowa gidan. Na ce ina da gidana. Ta ce to shi ke nan, dama akwai wata tsohuwa daga Anse-Bertrand da ke jiran gurbi, matar wani ma'aikacin kwastan, ta zo ta gani har ta yi hawaye, wai yana tuna mata gidan kakarta, ta ce za ta sa a yi wa tagogin fenti ruwan hoda.

Matar ɗan kwastan, wadda ba ta taɓa ɗaure dami ɗaya ba, ba ta san tsaga uku ba, ba ta fasa katangarta ba. Ita za ta kwanta a gidan da na yi shekara saba'in ina harara, ta shafa masa ruwan hoda.

Na ce wa Rosemonde ta kira mini mai tabarau. Na zana gicciyen har biro ya huda takardar. Bayan raina gwamnati da Anselme su zauna su raba siminti, rodin da ke kan rufi na bar wa wanda ya riga hawa.

Yau watana biyar a ɗakin gabas. Katifar ta riƙe ramin jikin Firmine, bai yi daidai da nawa ba, ta fi ni tsawo. Ana yi mini wanka, ana murza mini gwiwa, ko da yake hannun yaran nan bai san inda ciwon yake ba. Abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. Da rana tsaka, lokacin da gidana na siminti yake zama tanda, iska takan bi ta ƙarƙashin wannan, tsakanin duwatsu, ta shigo ta tsakanin katako, mai sanyi, har mutum ya ja mayafi. Shekara talatin ina gasuwa a falona, tana bayan gidana tana shan wannan iskar, ba ta taɓa gaya mini ba. Wannan kam ba zan yafe mata ba.